Babi na Uku: Na Ci Na Ƙoshi, To Ina Ƙarfin Ya Tafi?

"Tuwo nake ci dare da safe, ban kwana da yunwa ba, to me ya sa tun kafin azahar hauya take yi mini nauyi?" Za ka ji wannan tambaya a bakin manomi a Waramu, ka ji ta wurin mai faskare a Gummi, ka sake jin ta daga saurayin da ke fasa dutse a Bagega. Mata ba su cika yin ta a fili ba, sai dai ka ji an ce jiri ya ɗebi wance tana tsakar surfe. A majalisa kowa da amsarsa: wani ya ce basir ne, wani ya ce shawara, wani ya ce jini ne ya yi ƙasa, daga nan sai a nufi mai saiwa a kasuwa ko a tsaya kemis a sayi ƙwaya. Wani lokaci ciwo ne na gaske, kuma asibiti ne ya dace da shi. Amma sau da yawa in ka bi sawun gajiyar nan, a bakin murhu za ta kai ka, ko a gindin randa, ko a wurin turmi.

Abin da aiki ke ci a jiki

Masana abinci suna auna ƙarfin da abinci ke bai wa jiki da wani ma'auni da suke kira kalori. Namiji mai nauyin kilo 60 da ke yini a zaune a shago yana buƙatar kamar kalori 2,300 a rana. In shi ɗin ne dai ya yini yana huɗa, ko yana jawo ƙasa daga rami, buƙatarsa takan haura 3,000, wata rana ta doshi 3,500. Mace mai kilo 55 da ke daka, ta ɗebo ruwa, ta yo itace, ta kuma leƙa gona, tana neman abin da ya kai 2,600, in tana shayarwa a ƙara mata kamar 500.

Giram 100 na gero ko dawa, tun ba a dafa ba, yana ɗauke da kalori kamar 350. Ke nan in da hatsi kaɗai mai huɗan nan zai dogara, sai ya cinye kusan kilo guda shi ɗaya a kowace rana. Hatsi kuwa da ya shiga tukunya ruwa yake sha ya kumbura. Malmalar tuwo mafi yawanta ruwa ne, koko da kunu kuma ba a magana. Tumbi yakan cika tun jiki bai karɓi haƙƙinsa ba. Wanda ya ce ya ƙoshi bai yi ƙarya ba, lissafin ne bai cika ba, sai jiki ya koma cin ajiyarsa, ya fara da kitse, daga baya ya taɓa tsoka. Shi ya sa za ka ga mutum ya shiga damina da jikinsa, kafin gero ya nuna wando ya yi masa yawa.

Abin da ke ƙara wa lamarin nauyi a ƙasarmu ta Zamfara shi ne lokacin da aikin ke zuwa. Noman fari da maimai, daga Yuni zuwa Agusta, su ne aiki mafi tsanani a shekara, kuma daidai lokacin ne rumbu ke yin ƙasa, kuɗin tiya ke hawa. Ga kuma halin da 'yan bindiga suka jefa yankin: gonakin nesa sun gagara, iyalai da yawa sun baro ƙauyukansu sun tare a cikin Anka da Gummi, mai noma abincinsa ya koma mai awo. Ba zan ce wa wanda ke cikin wannan hali ya ci nama kullum ba, don na san abin da ke aljihunsa. Abin da babin nan ke nema shi ne yadda ɗan abin da ke hannu zai riƙe jiki fiye da yadda yake riƙewa yanzu.

Gero bai yi laifi ba

Akwai samarin da suka ɗauka cewa abincin ƙarfi shi ne burodi da shayi mai kauri, ko taliyar leda, gero kuma na talauci ne. Sun yi kuskure. A wani bincike da aka yi a Bamako ta ƙasar Mali tare da masanan Jami'ar Purdue ta Amurka, wanda aka buga a 2018, an auna tsawon lokacin da abinci ke ɗauka kafin ya bar tumbi. Tuwon gero da na dawa da burabuskon gero sun daɗe a ciki fiye da farar shinkafa da taliya da dankalin Turawa, nesa ba kusa ba. Manomi bai buƙatar a gaya masa wannan, ya san fura na riƙe ciki. Sukari da farar fulawa kamar wutar kara suke, su tashi bal-bal su mutu, gero kuwa garwashin kirya ne mai kai mutum yamma.

Ban da riƙe ciki, gero ya fi farar shinkafa sinadarin ƙarfe, wanda jiki ke haɗa jini da shi. Saboda irin wannan daraja ne Majalisar Ɗinkin Duniya ta sanya wa 2023 suna shekarar gero, kuma a 2018 aka fitar da wani iri mai suna Chakti a Jamhuriyar Nijar, wanda cibiyar bincike ta ICRISAT ta samar don ya fi sauran yawan wannan sinadari.

Sai dai kaso mai tsoka na albarkar hatsi a bayan ƙwayar yake, wurin da surfe ke cirewa. In an yi surfe har hatsi ya yi fari tas, akuya ce ke morar abin da ya kamata ya shiga jinin mai gida. A yi surfe daidai yadda dusa mai kaushi za ta fita, a wanke, a tsaya nan. Jiƙa hatsi ya kwana, da barin gasara ko ƙullu ya yi ɗan tsami, dabara ce ta iyaye mai amfani ƙwarai: tsamin yana karya wani abu a cikin hatsi da ke ɗaure ƙarfen ya hana hanji tsotse shi. Koko mai tsami da hoce da waina duk suna cin wannan moriya.

Abokin tafiyar hatsi

Tsoka tana gajiya, tana ɗan yayyagewa a wurin aiki, da dare kuma jiki yake ɗinke ta. Abin ɗinkin shi ne furotin, sinadarin gina jiki. Mai kilo 60 yana buƙatar aƙalla giram 50 nasa a rana, mai aikin ƙarfi kuma ya fi samun daɗin jikinsa in ya kai 70 ko 80. Hatsi yana da shi, kamar giram 10 a cikin 100, amma nasa gurgu ne, akwai wani ɓangare da ya yi masa ƙaranci. Wannan ɓangaren kuwa wake na da shi a wadace, abin da wake ya gaza a kai kuma hatsi na da shi. In suka haɗu a cikin yini ɗaya, jiki zai samu abin da ya yi kusa da na nama.

Ga yadda suke a ma'auni. Giram 100 na wake, abin da bai cika gwangwanin madara ba, yana da furotin kamar giram 23. Gyaɗa tana da kamar 25, ga mai kusan rabin nauyinta, shi ya sa giram 100 nata ke ba da kalori fiye da 550. Waken suya ya fi su duka, yana kai 35 zuwa sama. Ƙuli-ƙuli kuwa, da yake an matse mai ya bar tunkuza, ya fi gyaɗar kanta furotin in aka gwada nauyi da nauyi. A ganina babu abincin da aka raina a ƙasar nan kamar ƙuli. Arha ne, ba ya lalacewa da wuri, yana shiga aljihun mai tafiya gona, yana shiga datun zogale, yana shiga gari, ana barbaɗa shi a kan dambu.

Duba tukwanen gida za ka ga tun can an san wannan haɗi: ɗanwake, shinkafa da wake, alale, koko da ƙosai, kunun gyaɗa, fura da nono, tuwo da miyar gyaɗa ko ta wake, gujjiya dafaffiya. Matsalar ita ce an mayar da su abin marmari, ana yi sau ɗaya a mako, sauran kwanaki tuwo ne da miyar da ba ta da komai sai gishiri da barkono. Wake kuma an ɗauke shi amfanin sayarwa, da an girbe sai kasuwar Nasarawar Burkullu ko Gummi. Ina roƙon maigida, kafin a ɗora buhunan a mota, ya ware na gida ya ce wannan na damina ne, ba a taɓa shi. Uwargida kuma ga wata hanya mai sauƙi: in za a kai niƙan tuwo, a zuba gwangwani ɗaya na wake ko soyayyen waken suya a kan kowane gwangwani uku ko huɗu na dawa. Ɗanɗanon tuwon ba ya sauyawa sosai, amma abin da ke cikinsa ya sauya.

Masu gudun wake saboda kumburin ciki su jiƙa shi tun dare, su zubar da ruwan, su dafa da sabo. Zai nuna da wuri, itace ya ragu, kuma ba sai an cika masa kanwa ba.

Kifi ma kada a manta da shi, musamman ga mutanen bakin gulbin Zamfara da gulbin Ka. Ƙananan busassun kifaye da ake dakawa da ƙayarsu a zuba a miya sun fi babban kifi ɗaya da maigida zai cinye shi kaɗai, domin kowa ya samu, ƙashin kuma yana gina ƙashi. Ƙwai ɗaya giram 6 ne na furotin. Ƙwan zabi da ke yawa da damina bai kamata ya tafi kasuwa duka ba.

Abin da ke cikin miya

Allah Ya yi mana wata rahama: lokacin da rumbu ke yin ƙasa, lokacin ne ganye ke fitowa kyauta. Tafasa, rama, lalo, yakuwa wadda muke kira sure, alayyahu, ganyen wake, zogalen da ke jikin darni. Hukumar Lafiya ta Duniya tana son baligi ya ci giram 400 na ganye da 'ya'yan itace a rana, abin da ɗan yauƙin kuka a gefen kwano ba zai taɓa cikawa ba. Datu ne ke kusantar wannan adadi, domin a datu ganye ne abincin. Kwanon datun rama ko zogale da ƙuli da albasa da tumatir da ɗan mai, in aka kai shi gona da hantsi, abinci ne cikakke.

Hanyar dahuwa tana iya kashe ganye. In aka tafasa shi a ruwa mai yawa har ya sauya kala, aka tsiyaye, aka sake tafasawa, to rabin amfanin ya bi rariya. Ruwa kaɗan, wuta ta ɗan lokaci, kuma a miya ganye ya zama na ƙarshen shiga. Kuka da kuɓewa da zogalen da za a adana a shanya su a inuwa, a kan tabarma ko a faifai, domin rana mai zafi tana cinye bitamin A da ke kare ido. Garin kuka da ya bushe a inuwa kore ne shar, wanda rana ta dafa kuwa ya koma ruwan ƙasa.

Mai ba almubazzaranci ba ne ga mai aikin ƙarfi. Babban cokali ɗaya na man gyaɗa ko manja ko man shanu yana da kalori kamar 120, ba tare da ya cika ciki ba, kuma sai da mai hanji ke iya karɓar bitamin A daga ganye. Manja kansa yana da wannan bitamin a cikin jan nan nasa, don haka wadda ta bar shi a wuta har ya yi hayaƙi ya washe ta ƙone abin da ta saya.

Sai gishiri. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada baligi ya wuce giram 5 a rana, abin da bai cika ƙaramin cokalin shayi ba, kuma dunƙulen magi kusan rabinsa gishiri ne. Mai zufa yana zubar da gishiri, gaskiya ne, amma wanda ke cikin abinci yakan mayar masa. Dunƙule biyar a tukunya ɗaya ga gishiri ga kanwa, hanyar hawan jini ce. Daddawar kalwa tana ba da ɗanɗano, kuma ita kanta abinci ce mai furotin, in ta yawaita a miya dunƙule zai ragu da kansa. Kanwa kuwa, ban da gishirin da ke cikinta, tana lalata wasu bitamin na hatsi da wake. Tun a shekarun 1970 likitoci a asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya suka lura da alaƙa tsakanin yawan shan kunun kanwa da wankan jego mai zafi da ciwon zuciyar da ke kama mata bayan haihuwa.

Abu ɗaya game da shayi: yana hana jiki tsotse ƙarfen da ke cikin wake da ganye in an sha shi a kan abinci. A bari sa'a guda ta wuce. Lemun tsami, ɗanyen tumatir, gwaiba, mangwaro da garin ƙwallon kuka su kuma taimakawa suke yi, sai a haɗa su da abincin.

Da ruwan ciki ake jan na rijiya

Daga Maris zuwa Mayu zafi a yankin nan yakan wuce digiri 40, da damina kuma ga zafi ga gumi. Mai aiki a irin wannan yanayi yana iya zubar da lita guda ta zufa a cikin sa'a ɗaya. In ruwan da ya fita ya kai kashi 2 cikin 100 na nauyin jiki, wato lita ɗaya da ɗan ɗori ga mai kilo 60, ƙarfi ya fara raguwa ke nan, kai ya yi nauyi, zuciya ta riƙa bugawa da sauri. Da yawa daga cikin gajiyar azahar da ake ɗora wa basir ƙishirwa ce kurum. Ƙishirwa kuma takan makara wajen sanar da kanta, shi ya sa ya fi kyau a sha tun kafin a fita, a riƙa kurɓa a kai a kai. Fitsari shi ne mai shaida: in ya yi kaɗan ya yi ja kamar shayi, jiki na bin ka bashin ruwa.

Wannan ba ƙaramar magana ba ce. A ƙasashen Nikaraguwa da El Salbado an ga dubban masu yankan rake, samari majiya ƙarfi, sun kamu da ciwon ƙoda, kuma masu bincike suna danganta abin da aiki cikin zafi ba isasshen ruwa, shekara da shekaru. Maganin da aka kawo musu a gonakin shi ne ruwa, da hutu, da inuwa. Haɗarin yana ƙaruwa in mutum ya ɗora ƙwayoyin ciwon jiki irin su diklofenak da ibuprofen a kan jikin da ya bushe, domin ƙoda suke wahalarwa. Tiramadol da lemun gwangwani masu sa kuzari kuwa ba sa ƙara wa tsoka komai. Muryar gajiya suke toshewa, mutum ya ci gaba da aiki jikinsa na lalacewa bai sani ba.

Fura da nono ta haɗa ruwa da hatsi da furotin a ƙwarya ɗaya, shi ya sa har yau babu abin da ya kai ta a gona. Sharaɗinta biyu: madarar a tafasa ta kafin a kwantar, ruwan damu kuma ya zama mai tsabta, tafasasshe ko wanda aka sa wa maganin ruwa, domin amai da gudawa da ke zagayo mu da damina ta nan suke shiga. Sukarin ma a sassauta. In wani ya galabaita saboda zufa ko gudawa, a haɗa masa lita ɗaya ta ruwa mai tsabta da ƙananan cokula 6 na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri, ya riƙa kurɓa. In kuwa ya fara sambatu ko ya faɗi, a kai shi inuwa, a jiƙa masa jiki, a nemi asibiti ba tare da jira ba.

Yaushe ake ci?

A gidaje da yawa babban abinci na dare ne, a ci a kwanta, da safe a fita da kofin koko. An ba jiki kaya lokacin da zai huta, an hana shi lokacin da zai yi aiki. Ɗumame shi ne gyaran wannan, in an ɗumama shi ya yi zafi har cikinsa, miyar ta tafasa sosai, aka ɗan zuba mai. Koko in zai zama karin kumallo ya zo da ƙosai ko ƙuli ko gyaɗa. Da hantsi a samu fura ko datu, da la'asar ɗan abin taɓawa, gyaɗa ko gujjiya ko dafaffen kudaku. Abincin rana mai nauyi sosai kasala yake kawowa, gara a raba shi biyu.

Da azumi kuwa sahur ne ke ɗauke da yinin. A jinkirta shi kamar yadda sunna ta koyar, a sa wake ko nono ko ƙwai a ciki, a rarraba shan ruwa daga buɗa-baki zuwa asuba, aiki mai nauyi kuma a yi shi da sassafe.

Turmi ɗaya, aiki biyu

Akwai darasin da mutanen Anka da Bukkuyum suka biya da tsada, kuma duk maganar abinci a yankin nan da ta tsallake shi ba ta cika ba. A watan Maris na 2010 ma'aikatan ƙungiyar Likitoci Na Gari Na Kowa, wato MSF, suka tarar da ƙananan yara suna ta mutuwa da jijjiga a wasu ƙauyuka, maganin zazzaɓin cizon sauro da na sanƙarau ba sa yi musu komai. Da aka gwada jini sai aka ga gubar dalma ce. Dutsen zinariyar da ake haƙowa yana ɗauke da dalma mai yawa, ana kawo shi cikin gida, a farfasa, a daka a turmi, a niƙa da irin injin da ake niƙa hatsi, a shanya a tsakar gida inda yara ke rarrafe. Yara fiye da 400 suka rasu. Aka kwashe gurɓatacciyar ƙasa a Dareta da Yargalma, sannan Abare, Tungar Guru, Tungar Daji, Sunke da Duza, Bagega kuma sai a 2013. Dubban yara aka yi wa magani kafin MSF ta miƙa aikin ga hukumomi a 2022.

Abin da ya shafi babinmu shi ne abin da masu bincike suka gano daga baya: ban da ƙurar da yara ke kaiwa baki da hannu, abinci ma hanya ce. Kuma yawancin dalmar ba daga gona ta shiga hatsin ba, bayan girbi ta shiga, a wurin sussuka da shanya da daka da niƙa. Hatsi mai kyau ne ya bi ta gurɓataccen turmi.

Haƙar zinariya ba ta tsaya ba, don haka ƙa'idojin nan suna nan daram. Dutse ba ya shiga gida. Turmi da taɓarya da injin da suka taɓa dutse sun bar aikin abinci har abada, wanki ba ya mayar da su. Buhun da ya ɗauki dutse ba ya ɗaukar hatsi. Shanyar gari da ganye a ɗaga ta daga ƙasa, abinci da ruwan sha a rufe. Mai aikin rami ya yi wanka ya sauya tufafi a can kafin ya doshi gida, kafin ya ɗauki ɗansa, kuma a bakin rami kada ya kai hannu kwano sai ya wanke da sabulu, nesa da inda ƙura ke tashi.

Abinci yana da nasa taimakon a nan. Cikin da babu komai ya fi saurin tsotse dalma, jikin da ke ƙarancin ƙarfe da sinadarin ƙashi ma haka, domin yakan karɓe ta a madadinsu. Ƙaramin yaro kuwa yana tsotse ninki 4 zuwa 5 na abin da babba ke tsotsewa. Saboda haka mai haƙa da ya fita ba karin kumallo ya buɗe wa guba ƙofa, nono da kuka da wake da kifi kuma suna rage mata hanya. Amma a ji ni da kyau: ragewa suke yi, ba sa fitar da ita. Babu madara ko tsamiya ko saiwar da ke wanke dalma daga jini. Mai aikin dutse da ke fama da kasala, da murɗar ciki, da taurin bayan gida, da ciwon kai, ko hannunsa ya fara sanyi, gwajin jini yake buƙata, shi da 'ya'yansa.

Wa ke ci a ƙarshe?

Kwanon maigida ake fara cikawa, a sa masa tsokar da ke miyar, sai na samari, sai na yara. Wadda ta yi sussuka, ta yi surfe, ta ja guga, ta tuƙa tuwon, ita ce ke zama da ƙanzo da abin da ya saura, in an tambaye ta ta ce, "Na ci, Malam." Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 58 cikin 100 na matan Najeriya masu shekara 15 zuwa 49 suna da ƙarancin jini. Mace tana zubar da jini duk wata, tana ɗaukar ciki, tana shayarwa, buƙatarta ta sinadarin ƙarfe ta ninka ta namiji, aikinta kuma in aka auna bai gaza na gona ba. Jirin da ke ɗibarta a bakin turmi daga nan yake.

Gyaran wannan a hannun maigida ya fi yawa. In ya sayo hanta ko kifi ya ce, "Wannan naki ne, ki ci a gabana," ya yi abin da kwalbar maganin ƙarin jini ba lallai ta yi ba. In tana da ciki kuma ya tabbatar ta je awo ta karɓo ƙwayoyin ƙarin jini, domin a wannan lokaci abinci kaɗai bai cika isa ba. Uwargida ke ma ki cire naki kason tun tukunya na kan murhu, kafin kwanuka su fita.

Duk abin da muka lissafa, wake da gyaɗa da busasshen ganye, a kaka suke samuwa, a damina ake neman su, tsakani kuwa akwai wata bakwai ko takwas na ƙwari da danshi da funfuna. Babi na gaba zai shiga rumbu da ɗakin ajiya: yadda ake adana wake ba tare da an zuba masa fiya-fiya ba, abin da ya sa Tarayyar Turai ta hana shigar da waken Najeriya a 2015, yadda buhu mai leda biyu a ciki ke kashe ƙwari ba magani, da kuma yadda za a gane gyaɗar da bai kamata ta shiga bakin kowa ba.